Za Mu Istanbul da Surukata, In Ce a Bar Ta a Gida?

Assalamu alaikum Anti. Ni matar aure ce a Kano, shekararmu bakwai da aure, yaranmu biyu. Bara maigidana ya kai mu Dubai hutun kwana shida, ni da shi da mahaifiyarsa. Wallahi Anti ko yini ɗaya ban ji daɗin tafiyar ba. Daren farko ya kai mu wani gidan abinci mai tsada, Hajiya ta tambayi kuɗin, ya lissafa mata a naira. Tun daga nan duk inda muka shiga sai ta juya cokali sau biyu ta ajiye, ta ce ta ƙoshi, wani lokaci kuma ta ce ba ta yarda da yankan ba. Shayi da burodi ta rayu a kansu har muka dawo. Tana da ciwon gwiwa da hawan jini, in mun ɗan taka kaɗan sai ta nemi wurin zama. Daga rana ta uku shi ya riƙa fita da abokansa, ni ina ɗaki ina zaman Hajiya. Muka dawo yana cewa an yi asarar kuɗi, ni ma raina a ɓace, ba wanda ya tayar da maganar har yau.

Yanzu ya ce a watan Oktoba za mu Istanbul mako guda, yara za su zauna wurin mamata, kuma da Hajiya za a tafi. Na daɗe ina burin garin nan. Ina son in ga masallatansa, in hau jirgin ruwa, in zauna da mijina mu biyu mu ci abinci ba tare da ina kallon farantin wani ba. Ba ƙin Hajiya nake yi ba, ba ta taɓa faɗa mini baƙar magana ba. In ce masa a bar ta a gida? Ko in ce na fasa, su tafi su biyu? Ƙawata ta ce in ce ba ni da lafiya idan lokacin ya matso.

Maman Ilham, Kano

Wa alaikumus salam Maman Ilham. Allah ya raya zuri'a, ya ƙara wa Hajiya lafiya da nisan kwana.

Kada ki ce a bar Hajiya a gida. Irin wannan maganar in ta fito daga bakin matar ɗa ba ta mutuwa. Ko mijinki bai kai ta ba, fuskarsa za ta kai ta, ta isa kunnen ƙannensa mata, bayan shekara goma a wurin wani biki a tuna miki. Shawarar ƙawarki ma ki ajiye ta. Mutum ba ya kiran ciwo da bakinsa, kuma ke ce za ki zauna a Kano kina duba hotunansu a waya zuciyarki na tafasa. Abin da kike so kuwa ba laifi ba ne. Mace ta so ta zauna da mijinta a bakin ruwa, su biyu, bayan shekara bakwai na girki da raino da karɓar baƙi, wannan haƙƙinta ne, kada wani ya sa ki ji kunyarsa. Za ki iya samunsa a tafiyar nan, Hajiya na ciki. Amma sai an fara gane abin da ya hana baiwar Allah nan cin abinci a Dubai, domin na karanta wasiƙarki sau biyu ban ga inda wani ya tambaye ta ba.

Ki sa kanki a matsayinta. Dattijuwa ce da ta saba a kai mata kwanonta ɗaki, a rufe da faifai, ta wanke hannu ta ci a kan tabarmarta ko dardumarta, ba idon kowa. A tarbiyyar da ta tashi a ciki, babbar mace ba ta cin abinci a bainar jama'a, balle a gaban surukarta, balle ga maza baƙi suna kai da komo, wani saurayi tsaye a kanta da takarda yana jiran ta zaɓi abin da ba ta san sunansa ba. Ga wuƙa ga cokali mai yatsu. Ga ɗanta yana kallonta yana cewa "Hajiya ki ci mana." Sannan aka zo aka faɗa mata cewa farantin da ke gabanta ya kai kuɗin cefanen kwana da kwanaki. Uwa ba ta iya haɗiye wannan. Duk lomar da za ta kai baki gani take guminsa ne take ci a banza. Maganar yanka da ta kawo, a nawa ganin, mafaka ce. Ta fi sauƙin faɗi a kan "ina jin kunya" ko "ina tausayin aljihunka", kuma ba mai iya musa mata. Da yankan ne kaɗai damuwarta, ai da ta ci kifi da shinkafa.

Na san wannan ne domin na taɓa kai tawa mahaifiyar Istanbul ɗin, tana da shekara saba'in da ɗoriya. Kwana biyun farko haka ta yi mini, shayi da burodi. Rana ta uku da azahar ruwan sama ya kora mu cikin wani ƙaramin gidan abinci a wani lungu bayan tashar jirgin ƙasa ta Sirkeji, irin wanda Turkawa ke kira esnaf lokantasi, wato wurin cin abincin 'yan kasuwa da masu sana'a. A irin waɗannan wuraren ba a ba ka takarda. Abincin na jere a manyan tirori bayan gilashi, yana tururi, kai dai ka nuna da yatsa a zuba maka. Inna ta tsaya ta leƙa, ta daɗe tana kallo, sai ta taɓa ni ta ce, "Wannan ba kuɓewa ba ce?" Kuɓewa ce kuwa, ƙanana kamar ɗan yatsan jariri, ba a yanka su ba, an dafa da tumatir da ɗan nama. Bamya suke ce mata. Kusa da ita ga farin wake cikin jar miya, ga farar shinkafa tana sheƙin man shanu. Ta nuna ukun. Mai zubawa ya ce mata "Haji anne", wato Hajiya uwa, ya ɗauki tiren da kansa ya kai mana teburin ƙurya inda ta ba jama'a baya. Ta fito da ƙullin yajinta daga jaka, ta barbaɗa, ta ce kuɓewar tasu ba yauƙi, sannan ta cinye tas ta sa burodi ta suɗe farantin. Abin da ya canza a ranar shi ne ta ga abincin da idonta kafin a zuba, ta gane shi, ita ta zaɓa, kuma da ta tambayi kuɗin na faɗa mata gaskiya ba ta zabura ba.

To a nan Istanbul ta fi muku Dubai sauƙi, in kun san inda za ku shiga. Abincin gida na Turkawa ya yi kusa da bakinmu fiye da yadda ake zato. Wake da shinkafar nan sunansa kuru fasulye da pilav, kuma a gaban masallacin Sulaimaniyya akwai jerin shaguna da suka shahara da shi kaɗai. Akwai corba, romon da suke buɗe ciki da shi, wanda ya fi yawa shi ne na marjimek, wani ƙaramin jan wake da ake dafawa har ya narke, a matsa lemon tsami a sha da burodi. Yana da laushi a cikin tsoho. Akwai romon kai da ƙafa, kelle paca, in Hajiya mai son farfesu ce. Akwai dambun alkama da suke kira bulgur, akwai tsiren kaza, akwai gasasshen niƙaƙƙen nama iri biyu da ya kamata ki bambance: na Adana da yaji, na Urfa babu. Kalmar yaji a bakinsu "aji" ce, kamar an ɗauke wa tamu harafin farko, kuma kusan kowane tebur akwai dakakken jan barkono a ɗan kwano. Sai dai yajinsu ba ya kai namu, don haka ki daka mata nata tun daga gida.

Ki kula da gishiri saboda hawan jininta. Karin kumallon otal a can cuku ne da zaitun da tumatir da kokwamba da dafaffen ƙwai da zuma, kuma cukun da zaitun ɗin gishiri ne zalla. Haka ayran, nonon da suke sha da kowane abinci, da gishiri ake dama shi, haka kayan tsamin da ake ajiyewa kusa da wake. Ki nema mata menemen da safe, ƙwai ne da aka soya cikin tumatir da tattasai, da ɗuminsa. Shayinsu baƙi ne wuluk a 'yan ƙananan kofunan gilashi, ba madara, wanda ga Hajiya ba shayi ba ne. Ki sa gwangwanin madarar gari a akwati, da garin kunun gyaɗa ko na tsamiya, da kofinta babba wanda ta saba da shi. Kilishi da dambun nama ki bar su a gida, domin ba a yarda fasinja ya shiga ƙasar da nama ba, kuma ba kya son a buɗe akwatin dattijuwa a filin jirgi. Magungunanta su isa kwanakin har da ragi, a jakar hannu, da takardar likita, kuma ta ga likitanta kafin tafiya.

Idan ta sake tayar da maganar yanka, ba ke za ki amsa ba, ɗanta ne. Turkiyya ƙasar Musulmi ce, ladan na kiran sallah ta kowace kusurwa sau biyar, mahautansu Musulmi ne, naman alade kuwa sai mutum ya nema da gangan kafin ya samu. Akwai hadisin Nana A'isha a Bukhari, inda wasu suka ce wa Manzon Allah (SAW) ana kawo musu nama ba su sani ba ko an ambaci sunan Allah a kansa, ya ce su ambaci sunan Allah su ci. In malamin da Hajiya ke girmamawa ya faɗa mata wannan kafin ku tashi, ya fi ku faɗa mata a kan tebur. Abin da za ku kiyaye da gaske shi ne giya. Gidajen abinci da yawa a wuraren 'yan yawon buɗe ido suna sayar da ita, musamman jerin masu kifi da ke ƙarƙashin gadar Galata da na unguwar Kumkapi. Hajiya in ta ga kwalba a teburin kusa, abincin ranar ya ƙare. Ku leƙa tebura kafin ku zauna, ko ku nemi wurin da aka rubuta alkolsuz, wato ba giya. Duk inda wani ya tare ku a titi da takardar abinci yana "bismillah, halal, halal", ku wuce. Kifin da ba a rubuta kuɗinsa ba kuwa a auna shi a gabanku a faɗi farashi kafin a ɗora a wuta.

Akwai kalma ɗaya da za ta cece ki: paket. Kusan kowane gidan abinci zai ƙulle muku abinci ku tafi da shi. Abincin daren Hajiya ya zama a ɗakinta, a ƙasa in ta so, da hannunta, ƙofa a rufe. Wannan ba wulaƙanci ba ne, shi ne yadda take ci a gidanta. Wasu za su ce ku kama gida mai kicin. Ni ban ba ki wannan shawarar ba, domin na san ƙarshenta: ke ce za ki tsaya kan murhu safe da yamma a garin da kika zo gani. Butar dafa ruwa a ɗaki ta isa kunu da shayi. In marmarin tuwo ko teba ya taso, akwai gidajen abincin 'yan Afirka a wajen Aksaray, a je a yi paket sau ɗaya.

Cin abinci rabin matsalar ne. Ɗaya rabin shi ne a Dubai ba abin da yake na Hajiya. Dogayen gine-gine da kantuna masu sanyi ba su ce mata komai ba, ta zama kaya ana ja. A Istanbul akwai abin da zai sa ita ce za ta riga ku shiri. Ku gaya mata tun yanzu cewa za a kai ta ziyarar Abu Ayyub al-Ansari, sahabin da taguwar Manzon Allah (SAW) ta durƙusa kusa da gidansa ranar shiga Madina, ya sauke shi wata bakwai. Da tsufansa ya bi rundunar da ta zo yaƙin wannan birni, ya rasu a nan, aka binne shi kusa da ganuwa. Bayan Sarki Muhammad al-Fatih ya ci garin a 1453 aka gina masallaci a wurin, unguwar ma sunansa take amsawa, Ayyub Sultan. Farfajiyar shimfiɗaɗɗiya ce, ba hawa, ga tsohuwar bishiya ga tattabaru ga wuraren zama. Za ta ga yara maza sanye da fararen kaya da hula mai gashin tsuntsu kamar 'ya'yan sarki, iyaye sun kawo su ziyara kafin kaciya. Ku je da hantsi a tsakiyar mako, ban da Juma'a da Asabar da Lahadi, saboda cunkoso. Inna da muka je ta yi sallama, ta yi addu'a, ta nemi gefe ta zauna da carbinta fiye da awa guda, ban ji ta ambaci gwiwa ba.

Akwai wani labari na sahabin nan a Sahihu Muslim da nake so ki riƙe. Ya kasance yana aika wa Manzon Allah (SAW) abinci, in an dawo da kwanon sai ya nemi inda yatsunsa suka taɓa ya ci daga nan. Wata rana kwanon ya dawo ba a taɓa ba, akwai tafarnuwa a ciki. Hankalinsa ya tashi, ya je ya tambaya ko haram ce. Manzon Allah (SAW) ya ce masa ba haram ba ce, ƙinta dai yake yi. Kin ga mai masauki bai yi fushi ya ce an yi asarar abinci ba, tashi ya yi ya je ya ji dalili. Wannan tambayar ce ba a yi wa Hajiya ba.

Na biyu shi ne fadar Topkapi, inda sarakunan Usmaniyya na Turkiyya suka zauna kusan shekara ɗari huɗu. A farfajiya ta uku akwai ɗakunan amanoni masu tsarki, waɗanda aka fara tarawa bayan Sarki Salim na ɗaya ya ci Masar a 1517: akwatin da ke ɗauke da mayafin da ake jinginawa ga Manzon Allah (SAW), takubba, tsofaffin makullan Ka'aba, ga mai karatun Alƙur'ani a zaune yana yi ba yankewa. Ranar Talata a rufe fadar take. Daga ƙofar waje zuwa can tafiya ce mai ɗan nisa a kan duwatsu, don haka ranar da za ku je a nemi keken tura marasa lafiya. In ta ce ita ba gurguwa ba ce, ɗanta ya tuna mata yadda ake tura dattawa a Harami wajen ɗawafi da sa'ayi. Kuma shi zai tura, ba ke ba. Haka a filin jirgin Istanbul, wanda girmansa kaɗai ya isa ya gama da gwiwarta kafin ku ga gari: ya nemi keken tun wajen sayen tikiti.

Masallacin Sultan Ahmad mai hasumiya shida, wanda aka fara gininsa a 1609, da Aya Sofiya suna kallon juna, lambu ne da kujeru a tsakaninsu. Aya Sofiya coci ce da aka gama a shekarar 537, ta zama masallaci bayan 1453, ta zama gidan tarihi a zamanin Ataturk, shugaban Turkiyya na farko, aka mayar da ita masallaci a 2020. Ku daidaita zuwanku da lokacin sallah, ku shiga a matsayin masallata, ku yi alwala tun daga otal domin bayin masallatai da yawa sai an sauka matakala, wasu kuma na tsuguno ne. Sulaimaniyya, wanda magini Sinan ya kammala a 1557, a kan tudu yake, ku hau tasi har ƙofa. In kun idar da azahar ku zagaya farfajiyar baya ku ga ruwa da gari a ƙasanku, sannan ku tsallaka ku ci waken nan. Wuri ɗaya a rana ya ishe ta. A fita da hantsi, a yi azahar, a ci abinci, a mayar da ita ɗaki.

Jirgin ruwa kuwa kada ki ɗauka naki ne ke kaɗai, shi ne yawon da ya fi dacewa da mai ciwon gwiwa. Daga Eminonu zuwa Uskudar ko Kadikoy kamar minti ashirin ne, an bar Turai an shiga Asiya, da katin Istanbulkart ɗin da ake hawa jirgin titi da shi. Tana zaune garin ke wucewa ta taga, mai shayi na zagayawa, yara na jefa wa tsuntsayen teku gutsuren simit, burodin nan mai zobe da aka barbaɗe da riɗi. A Oktoba iskar ruwa na da sanyi kamar asubahin hunturu, a sa mata rigar sanyi da safa, a zauna ciki.

Wajen masauki, ya nemi otal a Sirkeji ko kusa da layin jirgin titi na T1, wanda ke bi ta Eminonu da Sultan Ahmad da Bayazid da Laleli. Ya tambaya a rubuce ko akwai lif, kuma ko yana farawa daga ƙasa, domin ƙananan otal da yawa tsofaffin gidaje ne, kuma titunan da ke gangarawa teku daga bayan masallacin Sultan Ahmad saukarsu da daɗi, hawansu azaba. Ɗaki biyu kusa da juna. In aljihu zai ɗauka, a rage darajar otal a ƙara mutum na huɗu, ƙanwarsa ko wata jikar Hajiya da ta mallaki hankalinta, su kwana tare. Wannan kuɗin ya fi kowane kuɗi amfani a tafiyar.

Yanzu mijinki. Ya kyauta da yake ɗaukar mahaifiyarsa, Allah ya saka masa, da yawa ba sa yi. Amma abin da ya yi daga rana ta uku a Dubai bai kyauta ba. Ya ɗauko uwa don neman albarka, ya ajiye wa matarsa hidimar, ya tafi wurin abokai, sannan ya dawo yana lissafin asara. Ladan a wurinsa yake nema, to hidimar ma tasa ce, ke taimako kike yi. Sai dai in kika buɗe maganar da wannan, zai ji kamar ƙara kika kawo. Ki nemi daren da yara suka yi barci ya ci ya ƙoshi, ki fara da Hajiya. Ki ce, "Abban Ilham, ina son wannan karon Hajiya ta ci ta ƙoshi, ta dawo tana ba da labari. Na yi tunanin abin da ya hana ta ci a Dubai." Ki faɗa masa maganar kunya da maganar kuɗi, ki roƙe shi kada ya sake juya mata farashi zuwa naira, ya riƙa tashi ya biya a wurin mai karɓar kuɗi. Ki kawo masa Abu Ayyub da Topkapi. In ya saki jiki, sai ki faɗi naki a fili, ba da habaici ba: "Ni kuma ina roƙon yamma biyu a cikin bakwai, ni da kai. Kuma in Hajiya na hutawa, kada ka bar ni a ɗaki ka fita." Maza da yawa ba mugunta ke sa su haka ba, ba a taɓa faɗa musu da baki ba ne, suna ganin tunda kin yi shiru kin yarda. Ki samu amsarsa kafin a biya kuɗin otal.

Ina kuma zargin wani abu. A Dubai, anya Hajiya ba ta taɓa cewa "ku je ku, ni na gaji" ba? Dattawanmu suna faɗin haka, kuma sau da yawa da gaske suke. Ke kunya ta hana ki tashi, shi kuma ya ɗauki izinin ya tafi shi kaɗai. Wannan karon in ta faɗa, ki ce "to Hajiya, Allah ya huta gajiya," ki tabbatar ta ci, ta sha magani, ga ruwan zafi a fulas, ga waya mai intanet da lambarku a sama, an sanar da masu karɓar baƙi a ƙasa, ki ɗauki mayafinki. Ita ma tana son ta miƙe ƙafa ta kira 'yan uwanta ta ba su labari ba tare da suruka na zaune a gefe ba. Kunyar da kike ji a gabanta, ita ma tana jin irinta a gabanki.

Yamma ɗaya ku haye Uskudar bayan la'asar, ku bi bakin ruwa har daidai Hasumiyar Budurwa da ke tsakiyar teku, ku ga rana tana faɗuwa bayan hasumiyoyin masallatai, ku yi magariba a masallacin Mihrimah da ke gaban tashar jirgin, ku ci abinci a can ku dawo da dare fitilu sun kama. Ɗayar kuma ku yi hasumiyar Galata da titin Istiklal, wuraren hawa da turereniya da Hajiya ba ta da abin yi a cikinsu, ku ƙare da kunafa mai zafi, wani kayan zaƙi mai cuku a ciki. Ku riƙo mata wani abu a hannu kowane dare, ko da sutlac ne, shinkafa da madara da ake gasawa a ɗan kasko. Kasuwa kuma ki raba ta biyu. Babbar rufaffiyar kasuwa mai shaguna dubbai, wadda ba ta ci ranar Lahadi, da layukan tufafi na Laleli, naki ne da shi. Kasuwar Masar da ke Eminonu ƙarama ce, a nan za a kai Hajiya ta zaɓi tsarabarta da kanta: dabino, ɓaure, habbatus sauda, alewar lokum, carbi da darduma. A ba ta kuɗin Turkiyya a hannunta ta ƙulle a bakin zani, kada ta riƙa roƙon ɗanta a gabanki duk abin da ta gani.

Kafin duk wannan, cikin makon nan ki shirya ki je gaishe ta ba tare da shi ba. In kun gama gaisawa ki ce, "Hajiya, na zo ne ki faɗa mini abin da zan daka miki na tafiya, da irin kunun da kike so in haɗa." Ki yi shiru ki saurara. Wataƙila ta ce ba komai, ki sake tambaya. Wataƙila daga maganar yaji ta gangaro ta faɗa miki abin da ya dame ta a Dubai. Wataƙila ma ta ce ita da za a bar ta da ta huta, a ba ta kuɗin ta ƙara ta yi Umara. In ta faɗi haka, kada ki zama ke ce mai kai saƙon. Ki ce, "Hajiya, ki faɗa masa da kanki, ya fi jin maganarki."

Ki rubuto mini in kun dawo, ina son in ji ko ta ci kuɓewar. Allah ya kai ku lafiya ya dawo da ku lafiya.

Antinki